Ƙaimi a Ƙafar Baya

Da hantsi na gangara fadamar Kwalkwalawa,
raga a hannu, kwalabe shida a jaka.
Taɓo ya karɓe min takalmi ɗaya
kamar mai bin tsohon bashi.

Baba Ladan na tsaye kan kunya.
Ya ce, "Ɗiyata, mi kika biɗa ga shinkafata?
Duk wanda yat tuma, ƙwaro na."
Na ce, Baba, baƙo in ya shiga Kara
duk mai tozo saniya ce gare shi.
Kai ko daga nesa kake raba bokolo da rahaji.
Ya yi dariya, ya matsa mini hanya.

Sau ashirin na share gindin karan.
Abin da ya faɗo
ko tsawon ƙwayar shinkafa bai cika ba.

Da la'asar aka ɗauke wuta.
Na ja tebur bakin taga,
na sa ido a madubin ƙara girma,
muryar marigayi Malam Modi a kunnena:
Kada ki fara da launi.
Launi maƙaryaci ne, sifirit na wanke shi.
Fara da ƙafar baya.

In ƙayoyi sun jeru sahu-sahu kamar haƙoran mataji,
ajiye shi gefe, ɗan wani gida ne.
In kin ga ƙaimi guda, babba, mai motsi,
to kin shigo zauren waɗanda kike nema,
sai ki yi sallama.

Duba ƙahon da ke ƙarƙashin ido,
gindi kauri, kai siriri,
albasa mai tsiro ɗaya.
Sannan juya shi da bakin allura,
ki karanta goshinsa
yadda kakarki ke karanta tsagar fuska
ta ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe:
ina layin ya miƙe, ina ya rabu biyu.

Ga mai farin zane daga ƙeya har baya,
kamar an ɗiga masa nono ya gangara.
Ga mai dogon kai, kore,
ya tura goshi gaba kamar kwalekwalen Rima.
Ga mai faffaɗan fiffike, ya sha hoda,
sai ka ce daga injin niƙa ya fito.
Waɗannan ba su wahalar da ni ba.

Biyu ne suka tsayar da ni har magariba.
Ɗaya fiffikensa ya wuce jikinsa,
ɗaya guntu, ko cikinsa bai rufe ba.
Na ba su kwalba biyu, suna biyu,
na kusa rufe littafi,
sai na sake ƙirga haƙoran ƙaimi,
na sake bin layin goshi.
Ashe ɗaki ɗaya suka fito.

Inda abinci ya wadata, guntu ake haifa, ya zauna.
Inda gona ta cika, kara ya fara bushewa,
sai a haifi mai tafiya.
Na ajiye allura.
Na tuna Ige, da bai taɓa wuce Wamakko ba,
da Dikko, da yau shekara bakwai
muryarsa kawai ke zuwa ta waya.

Na juye su kwalba ɗaya.

Akwai na ƙarshe, ɗan toka-toka,
ya ƙi shiga kowane shafi.
Ban ƙaga masa suna ba.
Na rubuta gari, na rubuta rana,
na rubuta: gonar Ladan, gindin kara,
na bar layin ƙasa fari.

Washegari Baba ya tare ni tun daga hanya:
"To, wane magani za ni saye?"
Na ce, tukuna, ba su kai ba,
gizo-gizon gonarka na aikinsa.
Ya duƙa, ya buɗe kara da yatsa biyu,
ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Wanga mai farin baya,
mi kinka ce sunanai?"